Ƙasar Ɗakin Inna

Ni da ƙasa nake zane, ba da fenti ba. In daka ta, in tankaɗe, in kwaɓa da ƙaro, in shafa a kan yadi. A Riruwai kuwa ƙasa ba ta wuya, tsofaffin ramukan kuza sun tono mana ja da fara da rawaya. 'Yan garinmu mai wasa da taɓo suke ce mini. Sai ga shi wasu a Turai sun ga hotunan aikina, suka gayyace ni in zauna da masu zane na ƙasashe daban-daban, kowa ya yi aiki guda a baje a ƙarshe.

Tun kafin in amsa na san abin da zan yi. Damunar da ta biyo bayan rasuwar Inna, ɗakinta ya rufta. Bangon nan da hannunta take yaɓe shi duk shekara, hayaƙi ya dafa shi har ya yi wani ja mai duhu da babu irinsa a rami. Inna ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Na ce zan zana fuskarta da ƙasar bangonta, tun kamanninta ba su gama kuɓuce mini ba.

Na ɓantaro, na daka, na ƙulla a leda. Babban wanmu ne ya raka ni Kwanar Dangora shiga mota, yana ta tsiya: "Kai dai Allah Ya shirye ka. Can ɗin ba su da ƙasa ne?"

A filin jirginsu wata ma'aikaciya ta buɗe jakata, ta tambayi mene ne. Ni kuma da baƙauyen alfaharina na ce, "Ƙasar gidanmu ce." Ashe doka ta hana shiga da ƙasa, wai tana ɗauke da cuta. Ta sa safar hannu, ta ɗaga ledar kamar mushen ɓera, ta jefa cikin kayan da za a ƙona. Na yi magiya da Turanci har ya ƙare mini, na koma Hausa. Ko gezau.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da na ba shugabar shirin labari sai idonta ya yi haske. Wai ai wannan shi ne aikin! A jera kwalabe babu komai a ciki, a rubuta labarin a bango. Kai jama'a! Ina maganar uwata, ita tana maganar kwalabe. Suka jibge mini fenti, na gwada, jan nasu kamar tumatirin gwangwani.

Bayan na yi wata uku ina fama, na kira wana a waya. "Yaya, don Allah kada a taɓa sauran ƙasar ɗakin Inna. In na dawo zan yi aikin a gida."

"Wace ƙasa kuma? Ai tsohon bango taki ne. Kana tafiya muka kwashe a amalanke muka kai gona. Da ka ga yadda masarar ta yi, sai ka yi murna."

Bai yi laifi ba, haka kowa yake yi.

Kwalaben na jera musu. Ranar da aka baje, 'yan kallo suka yi ta tafi, wasu har da share ƙwalla, na tsaya ina murmushi kamar wawa. Har yau ban zana Inna ba. Na sha zama gaban yadi in rufe ido, in ga kallabinta, in ga hannunta, amma fuskar ta ƙi zuwa.