Kujerar Hagu

Mai Keke ake ce masa, kuma har yau akan sami baƙon da zai turo masa keken hawa wai a yi masa faci, sai ya nuna masa allon ƙofa da leɓe. Keken ɗinki yake gyarawa. Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin wani bene, ko'ina kawunan kekuna a jere, ga warin mai. Kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi, wani zazzaɓi ne ya tafi da shi, amma da na daman nan kaɗai yakan saurari keke ya gaya maka inda ciwon yake tun bai taɓa shi ba.

Matarsa maɗinkiya ce, Tela yake kiranta. Keke ne ya haɗa su. Sau biyu ta kawo nata gyara, a na uku ya kwance shi kaf bai ga komai ba, sai a lokacin ya gane ba keken ne ke kawo ta ba. Mutum ne da ba ya saurin ganewa in dai abin ba ƙarfe ba ne.

Da ta rasu bai yi kuka ba. Ya so ya yi, ya nema ya rasa. Masu zuwa gaisuwa suna cewa ya haƙuri, shi kuma yana cewa mun gode, kamar yadda yake faɗa wa mai kwashe shara ko mai karɓar kuɗin wuta. Bakinsa ne kawai ke aiki. Kwanaki suka shuɗe, ya koma buɗe shago, ya zauna, ya rufe. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya. Keken Tela kuwa yana nan a kusurwar ɗaki yadda ta bar shi, allura a soke cikin hannun wata 'yar riga da ta fara ɗinka wa jikarsu.

Auta ce ta gaji da wannan zama. Ita ce ƙaramar 'yarsu, tana aure a wani gari mai nisa, kuma ta gaji bakin uwarta.

"Baba, an ce ka rame," ta ce a waya. "Ka kawo min keken Mama da kanka. In ka iya zuwa kai kaɗai, na yarda za ka iya zama kai kaɗai. In ba ka iya ba, za mu zo da mota mu rufe shagon nan, ka dawo wurinmu."

"Ni ne ba zan iya tafiya ba? Wa yake kai uwarki wurinki duk shekarun nan?"

Auta ta ce, "To, Allah Ya kawo ka lafiya."

Bai ji haushi ba. Rufe shagon ne kaɗai ya ɗan taɓa shi, don in aka raba shi da wannan benci bai san inda zai ajiye jikinsa da safe ba.

Ya cire kan keken daga teburinsa, bai zare allurar ba. Ya naɗe shi da 'yar rigar cikin tsohon bargo, ya ɗaure da igiya, ya rungume shi zuwa tashar jirgin ƙasa. A tagar sayar da tikiti ya juya kunnen dama, ya faɗi garin. Ma'aikaciyar ta ce, "Mutum nawa?"

"Biyu."

Sai da ya shiga tarago, ya ga lambobi biyu a hannunsa, ya san abin da bakinsa ya yi. Ya tsaya yana kallon tikitin. Bai koma ba. Ya zauna, ya ɗora keken a kujerar da ke hagunsa, ta bakin taga.

Jirgi ya tashi a cike. Wata mata mai ƙiba, da ganin farin takalminta ka ga ma'aikaciyar asibiti, tana tsaye riƙe da ƙarfe, domin ta makara ba ta sami kujera ba. Ta dubi bargon, ta dube shi.

"Baba, da mutum a nan?"

"Da mutum."

Ta sake duban bargon, ta gyara riƙon ƙarfenta. Gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, yana kallonsu kamar hoton da ke jikin kalanda. Matar tana sauya ƙafa. Da mai duba tikiti ya iso, Mai Keke ya miƙa duka biyun, aka huda, mutumin ya ce, "Ina na biyun?"

Ya buɗe baki zai ce matarsa ta fita, ko tana zuwa, sai ya ji babu ko ɗaya da zai faɗu. Ya ɗauke keken ya ɗora a cinyarsa, ya miƙa wa matar tikitin. "Zauna, 'yata. Ƙafa ba ƙarfe ba ce."

Ta zauna tana sa albarka. Daga nan ta shiga ba shi labari, ya ga bakinta yana motsi, hannunta yana tashi yana sauka, shi kuwa ko kalma ɗaya ba ta iso shi ba. Yana gyaɗa kai inda ya ga ya dace. Can ta yi masa wata tambaya, ya ce haka ne, ta tuntsire da dariya, ta leƙo ta gabansa.

"Cewa na yi yunwa ko ƙishi, ka ce haka ne. Kunnen nan ba ya ji ko?"

"Ya daɗe da yin ritaya."

Ta ba shi ruwa da burodi. Ya ce mun gode.

Ya yi niyyar kada ya runtsa. Lasifikar taragon tana gefen hagu, kuma abin da take faɗa ba ya zuwa masa sai kamar ana gurza tukunya, don haka ya ƙudurta zai riƙa karanta allon kowace tasha. Ya karanta na farko, ya karanta na biyu. Nauyin keken a cinya da jijjigar jirgi suka yi masa abin da suke yi masa a kowace tafiya.

Jan hannun riga ne ya tashe shi.

"Mun iso, Tela?"

"Baba, tashi, tasharka ce. Yanzu zai wuce."

Ya dube ta, ya dubi taga. Ga benen tashar da ya sani, ga agogon da ba ya tafiya. "Ya aka yi kika san a nan zan sauka?"

Ta ɗaga tikitin da ya ba ta. "Ga shi a rubuce. Tun ɗazu nake kasa maka kunne."

Ta riƙe masa keken har ya sauka, ta miƙo masa ta ƙofa, jirgin ya ja da ita. Ya tsaya a dandamali da bargo a ƙirji, mutane suna ratsa shi ta ko'ina. A nan abin ya zo masa, a hankali, yadda abubuwa suke zuwa masa. Shi ya ɗauka taga Tela take so. Amma ai a motar haya ma, inda taga ke damansa, hagu take zama. A asibiti hagu. A gaban mai gidan haya hagu, har wani lokacin takan ce ya matsa ta zagayo. Duk abin da ya zo ta ɓangaren da ba ya ji, ita ke tarewa ta miƙo masa. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane ya kai Tela unguwa, ita kuwa ba ta taɓa gyara masa zancen ba.

"Baba!" Auta ce ta taho da sauri, jikar na biye. Ta dubi bayansa ko da wani. "Kai kaɗai ka zo?"

"Ni kaɗai." Ya miƙa mata keken. "Da tikitin uwarki."

Ba ta gane ba, bai kuma yi bayani ba. Ta karɓi keken, ta ce ya rame, ta ce shagon nasa yana nan ba mai taɓa masa. Suka nufi ƙofar fita, sai ya lura ta zagayo ta hagunsa, ba tare da ta san ta yi ba. Bakinta yana motsi, bai ji ba.

Kukan da ya nema ya rasa ya taso masa, karo na farko tun rasuwar Tela. Ya juya kansa ta ɓangaren hagun.

"Na gode," ya ce.

"Da me fa, Baba?"

Wannan ma bai ji ba.