Gumbar da ta tsallaka teku

Shekarun baya can, lokacin ina aikin jinya a wani asibiti a nan Jidda, ina da abokiyar aiki baƙar fata, 'yar Tirinidad. Ni da iyayin tsiya, shekara guda ina gaya wa mutane ƙasarsu na maƙwabtaka da Indiya. Sai da ta zana mini taswira na gane tsibiri ne can gefen Amurka.

Mahaifiyarta ta rasu, iƙamarta, wato takardar izinin zama, kuma tana wajen sabuntawa, ba halin tafiya. Wata rana na tarar da ita tana kuka a ɗakin hutu. Ta ce a gidansu in mamaci ya cika kwana arba'in, sai an jiƙa shinkafa an daka da sukari, a dunƙula a raba, kuma ta yi wa tsohuwar alkawarin abin ba zai mutu a hannunta ba. Sau biyu tana gwadawa a injin markaɗe yana zama kunu, ga shi gobe ce ranar.

Na ce yalla, mu je unguwar Mahjar wajen mahaifiyata, ita ke da turmi.

Mama na taɓa shinkafar ta ce ai ba a tsane ta ba. Ta baza a faifai ta sha iska, sannan aka daka. Abokiyata ta tsuguna tana dunƙulawa, cif-cif yadda ake yi a Kano. Mama ta tsura wa hannunta ido, ta ce in tambaye ta wa ya koya mata.

Abokiyata ta ce kakar kakarta Turawa suka ƙwato daga jirgin bayi, ita da wasu. Maimakon a mai da su gida, aka sauke su a tsibirin suna saran rake. Masu yare ɗaya suka haɗu suka yi ƙauyensu. Yaren ya ɓace, wannan kaɗai ya rage, ba ta ma san daga ina ya fito ba.

Mama ta dafa ƙirji. "Ikon Allah! Wannan ai gumba ce, mu ke yin ta ranar sadakar mamaci. Ki gaya mata 'yar gida ce."

Wallahi don zumuɗi ina ta fassara mata da Hausa ban sani ba. Da ta gane, ta rungume Mama tana dariya tana hawaye. Mama har ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai ta tuna sadakar mutuwa ake yi.

Har yau in na tuna, daɗi nake ji da 'yar kunya. Ni da na tashi a gidan Hausawa ban iya gumba ba, su kuwa sun riƙe ta a ƙasar da ba wanda zai tuna musu. Washegari muka raba wa maƙwabta gida-gida. Da muka miƙa dunƙulen ƙarshe, abokiyata ta dube ni ta ce, "Sai yau na ji na binne uwata."