Shekarar da Na Karya Farashin Mai

Sana'ar man gyada gado na yi daga wurin Inna, tare da masu sayen mai a wurinta: matan da ke tuyar ƙosai da waina a tashar Gwarzo. Tun ina budurwa a Garo suke karɓar mai a gidanmu, da Inna ta rasu suka biyo ni gidan mijina. Ba na wasa da su, don su ne abin da ta bar mini.

Sai ga zamanin tsuke bakin aljihu. Man gwangwani da ake shigowa da shi daga waje ya ɓace a kantuna, albashin malamai ya koma sai an ga dama. Kowace mace ta tuna ai kakarta ta iya matsar mai. Wadda ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba ta ɗora kasko. Mai ya cika kasuwar Kabo har ya rasa daraja, mu na asali muka koma bin mutane muna roƙo.

Maigidana malamin firamare ne, ba ya rabuwa da rediyo. Shi ya ba ni labarin cewa ƙasashen da ke da man fetur suna da ƙungiya, sukan zauna su yanka wa kowa iya abin da zai haƙo, don in mai ya yi ƙaranci a duniya sai ya yi tsada. Ya ce faɗuwar kuɗin man nan ce ta jefa mu a halin da muke ciki. Ni ban damu da duniya ba, dabarar na ɗauke.

Ranar wani suna na tara mata masu matsa a ɗakin mai jego. Muka shirya karɓa-karɓa: kowace unguwa da makonta, wadda ba makonta ba ta kife kaskonta, kuma babu mai sauke farashi. Matar liman ta yi mana fatiha, aka raba goro. Wadda ta fi kowa ɗaga murya wajen amin ita ce ƙanwar mai gari, wata mai zaƙin baki da ke kirana Yaya tana rusunawa.

Ni na fi kowa ɗaukar asara, don na fi kowa gyada. Gonar gado gare mu, rumbunmu cike yake, amma na danne zuciyata na bi layi. Farashi ya ɗaga, kowa ta samu. Sai na lura matan tasha sun daina aike ko a makona. Na shirya na je Gwarzo da kaina. Babbarsu, wadda ta yi ƙawance da Inna, ta kasa haɗa ido da ni. Da ƙyar ta faɗa mini ƙanwar mai gari na kawo musu mai kowane mako a ƙarƙashin buhunan dawa, da rangwame, ta kuma ce musu wai na daina sana'a, na zama matar ma'aikaci.

Na dawo gida na zayyana abin da na jiyo. Maigida ya ce in kai ƙara wurin mai gari. Na tambaye shi ko ya manta ƙanwar wa ce. Sai na ce ya gaya mini abin da babbar ƙasar cikin ƙungiyar man fetur ɗin nan ke yi in ƙanana suka ci amanarta. Ya ce buɗe famfo take yi, mai ya malale ko'ina har farashi ya faɗi ƙasa, mai ƙaramin ƙarfi ya durƙushe. Yana gama faɗa ya gane abin da ya yi, ya hau ba ni haƙuri.

Na fasa rumbu. Kullum suya, kullum kai niƙa inji, kullum tuƙa tunkuza a turmi har kafaɗuna suka daina jin zafi. Na saukar da kwalba ƙasa da abin da ƙanwar mai gari take sayen gyadar kanta, don ita a kasuwa take awo, ni kuwa daga gona. Sauran mata suka zo suna kuka, na ce su je su yi wa mai amin kuka. Kafin damina ta faɗi matan tasha sun dawo, ban yi musu gori ba. Ita kuwa jarinta ya narke, ta fitar da babban kaskonta na ƙarfe kasuwa. Na aika aka sayo mini, na ajiye shi a turken awaki ina zuba musu dusa.

Shekaru suka shuɗe. Da aka kawo shari'a gari ya ɗauki wa'azi, malamai na ta jan hankali a kan cin amana da neman gafarar juna kafin mutuwa. Sai ga ƙanwar mai gari ta yi sallama, ta tsufa, da hijabi har ƙasa. Ban kai ta ɗaki ba, na shimfiɗa mata tabarma a bakin turke. Muka gaisa, muka tambayi yara da gajiya, idonta na kan akuyar da ta sa ƙafa a cikin kaskon.

Ta ce, "Yaya, na zo ki yafe mini."

Na ce, "Na yafe miki rangwamen da kika yi, kasuwa ce. Amma cewa da kika yi na bar sana'ar Inna, wannan ki bari sai mun haɗu da ita."

Ta mayar da idonta kan kaskon. Ni kuma na tashi na ƙara wa awaki dusa.