Na Sauka A Maroko, 'Ya'yana Suna Kano

Lokacin da abin nan ya faru shekarata talatin da tara, ina aikin jinya a wani asibiti a Birmingham. A unguwar Sparkbrook muke zaune, ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu, mace mai shekara goma sha huɗu da ƙaninta mai tara. Shi injiniya ne, mutum mai sanyin hali, ko yaro ba ya ɗaga wa murya. Ni kuwa mutum biyu na yarda da su fiye da kowa a duniya: shi, da yayata da muke ciki ɗaya, wadda take aure a Manchester. Tun rasuwar mahaifiyarmu ita ta zame mini uwa. Duk abin da ya zo raina sai in ɗauki waya in zazzage mata, ba na tacewa.

A shekarar nan 'yata ta fara irin halin yara masu tasowa. In yi mata Hausa ta amsa da Turanci, in yi faɗa ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Wata rana ta bi ƙawayenta cikin gari bayan an tashi daga makaranta, ba ta dawo ba sai bayan magariba, kuma ba ta ɗaga waya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kira Yaya ina huci, na ce mata da zan samu yadda nake so, da na tattara yarinyar nan na kai ta Kano ta san yadda ake rayuwa. Washegari muka shirya ni da 'yata, na manta ma na taɓa yin maganar.

Bayan wata biyu maigidana ya kawo shawarar mu yi tafiya a hutun Disamba, mu huɗu kawai. Ya ce mu je Maroko mu ɗauki hayar mota mu tuƙa da kanmu, mu haura duwatsun Atlas mu ga dusar ƙanƙara, mu gangara sahara mu kwana a tanti, sannan mu yi arewa zuwa gandun dajin da birai suke yawo cikin manyan itatuwa. Na yi mamaki, don shi ba mai son yawo ba ne, amma murna ta hana ni tunani. Ya ce shi zai sayi tikitin jirgi, sauran shiri ya bar mini.

Wata huɗu na yi ina shirin nan. Na manna taswira a bangon kicin, na ja hanya da jan biro. Na karanta cewa hanyar kan dutse takan rufe idan ƙanƙara ta yi yawa, sai na fitar da wata hanyar ta biyu. Na tsara kada mu yi tuƙi sai da rana, na duba garuruwan da za mu tsaya mu yi salla mu ci abinci. Da na ji sanyin sahara ba wasa ba ne, na saya wa kowa rigar sanyi mai kauri da safar hannu, na yi dambun nama da cincin, na daka yaji. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne 'yata ta dawo kusa da ni. Takan zauna gefena da wayarta tana nuna mini hotunan tantuna, ita ta zaɓi inda za mu kwana. Ƙaninta kuwa kullum maganarsa birai da raƙuma.

Yaya ta zo daga Manchester wani ƙarshen mako ta taya ni haɗa kaya. Ita ta ce in saka wa yaran kayan gida marasa nauyi da yawa, wai da rana akwai zafi, manyan rigunan sanyin kuma in haɗa su a akwatina. Ita ta tuna mini fasfonsu na Najeriya ya kusa ƙarewa, gara a sabunta tun da ana cikin harkar takardu. Na sa hannu. Da jadawalin aikinmu ya fito, sai na ga ba a ba ni kwana ukun farko na hutun ba. Maigidana ya ce ba komai, su yi gaba su huta a Marrakesh, in na iso sai mu kama hanya. Ya ce in rubuta takardar amincewa cewa na yarda ya fita da su, ko za a tambaya a filin jirgi. Na rubuta, na sa hannu, ban tambayi komai ba.

Daga Manchester jirginsu zai tashi, ni na kai su a mota. Muka ci abincin rana a gidan Yaya. Da za mu fita ta rungume 'yata ta daɗe, har da hawaye. Na yi mata tsiya na ce mako biyu ne fa, ba aure za a kai ta ba.

Kwana ukun nan saƙo kawai yake turo mini, wai layi ba kyau. Ranar da na sauka Marrakesh da la'asar, na fito da ƙaton akwatina na tsaya inda ake tarar matafiya. Awa biyu ina duba fuskokin mutane. Na kira, wayarsa a kashe. Can sai ga saƙon murya ya shigo. Cikin natsuwa, kamar mai ba da labarin cefane, ya ce in yi haƙuri, suna Kano tun shekaranjiya, jirgi kawai suka sauya a Maroko. Ya ce an samar wa yaran makaranta, don tarbiyyarsu ya yi, kuma ya san ni ma abin da nake so ke nan, tunda na faɗa wa Yaya da bakina.

Na zauna a kan akwatin na kira ta. Bugu ɗaya ta ɗaga, ashe jira take. Na tambaye ta ko ta sani. Ta ce, “Ai ke kika ce haka kike so, kawai ba za ki iya ba ne. Wata rana za ki gode mini.” Na kashe wayar.

Bayan kwana biyar na isa Kano. Ɗana yana wurin kakarsa ta wajen uba, ya rame, ya ƙanƙame ni ya ƙi saki. 'Yata kuwa da na shiga ɗakin da take ko kallona ba ta yi ba. Ashe a cikin jirgi ubansu ya ce musu ni na tsara komai, taswirar da ke kicin dabara ce don kada su yi gardama. Da ta buɗe baki, da Turanci ta tambaye ni, ranar da muke zaɓen tanti muna dariya, na riga na sani? Na rantse mata ta ƙi yarda. Sai da na ciro fasfona na nuna mata hatimin shigata Maroko da na fita, sannan ta daɗe tana dubawa, ta kifa kanta a cinyata ta fashe da kuka.

Wata bakwai aka yi ana zama da manya. Wani kawun maigidana, dattijo mai adalci, shi ya kira yaran ya saurare su su kaɗai, ya sa aka ba ni takardunsu. Muka dawo Birmingham mu uku. Auren bai rayu ba, don ni na ce ba zan iya ba. Yaya takan turo gaisuwa da Salla, in amsa sallamarta kawai. Ban sake taka gidanta ba. Shi uban yaran na san ra'ayinmu ya sha bamban a kan tarbiyya, amma ita da hannunta ta ninke kayan 'yata a falona tana yi mini hira.

Ban wanke kaina ba. Ni na furta maganar cikin fushi, ni na sa hannu sau biyu ban tambaya ba. 'Yan'uwana mata, ku kiyayi abin da kuke faɗa a kan 'ya'yanku idan ranku ya ɓace, ko da wa kuke magana, kuma duk takardar da ta shafi fitar yaro, ku nemi ganin tikitin da idonku. Iyaye mazan da suke ganin mayar da yaro gida shi ne mafita, ku zauna da uwarsa da shi kansa ku faɗi gaskiya, ko da za a yi rigima. 'Yata yanzu tana jami'a, ta yafe mini abin da ban yi ba. Amma har yau, ko unguwar Selly Oak da ke nan cikin Birmingham na ce ta raka ni, sai ta tsaya a bakin mota ta tambaye ni ina za mu, kuma yaushe za mu dawo.