Ranar da Na Wanke Bahunan Gansakuka

Ɗiyata ta fari ce, don haka ba na kiran sunanta, ba na zama hira da ita. Haka muka taso a Kurfai, haka uwata ta yi da yayana. In ina son ta miƙo mini abu sai in ce, "Ke, 'yar nan." A wurin kakarta ma ta girma, daga can ta yi lakkwal, karatun boko ke nan, har ta kai jami'a a Yamai.

Shekararta ta ƙarshe ta dawo gida Filinge da baho shida da wata 'yar kwalba mai koren ruwa. Ta jera bahunan bayan ɗakina, inda rana ke bugawa. Kullum da hantsi takan zuba musu tsarin gero da ruwan wanke-wanke da jiƙon kashin shanu da ta tace, ta motsa da sanda. Mahaifinta ta zaunar ta yi wa bayani. Ni ina daka daga nesa, abin da kunnena ya tsinta shi ne wai gansakuka take kiwo, za a busar da ita a matse mai irin gazuwal na manyan motoci, kuma da wannan aikin za a ba ta takardar gama karatu. Na ce a raina, ikon Allah, an kai yarinya Yamai ta koyo kiwon ƙazanta! Sauran ban tambaya ba. Ina ni ina tsare ɗiyar fari da tambaya?

Wata biyu ruwan nan yana kauri, ya yi kore shar, da ɗan ƙarni. Ni kuwa duk unguwa an san ni, ko tsinke ba ya kwana a tsakar gidana.

Ran wata Lahadi aka ce mushenta, wato malaminta na jami'a, zai zo. Mahaifinta yana garin Damana wurin gaisuwar rasuwa, ita kuma ta tafi tasha tarbo baƙo. Na share gida, na dama fura, sai idona ya faɗa kan bahunan. Haba! Babban mutum ya taso tun daga Yamai ya tarar da wannan a gidana? Na ɗauka ta riga ta cire man, tunda na ga ta shanya wani abu a faifai. Na tuntsurar da su ɗaya bayan ɗaya, na dirje da toka da soso har suna ƙyalli. Wallahi daɗi na ji.

Da suka shigo, ko zama mushen bai yi ba, ya ce a kai shi ya auna ruwan. Ashe ruwan ya zo gani. Na biyo su da ƙwaryar fura a hannu. Ta tsaya ta dubi bahunan a kife, ta dubi ƙasar da ta shanye komai. Sau ɗaya ta ɗago ta dube ni.

Mushen ya ce, "Mi ya faru nan?"

Ta ce, "Mushe, ni na yi sakaci. Ruwan ya lalace mini jiya, na zubar."

Ya yi mata faɗa a gabana, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Ya ce bai zaci haka daga gare ta ba, bana kam ba takarda, sai baɗi. Ta sunkuyar da kai tana cewa to. Ni ina tsaye, kunyar baƙo ta hana ni magana. Kunyar banza! Ta zo ta karɓi ƙwaryar daga hannuna ta ce, "Inna, kawo, za ta zube."

Ta maimaita shekarar, ta gama, yanzu tana aikinta a Yamai. Ba ta taɓa tayar da zancen ba, ko mahaifinta bai sani ba. Abin da ke cin raina shi ne, har yau akwai mutum guda a duniya da ke ganin ɗiyata marar kula ce. In yana raye, wannan rubutu ya kai gare shi: ba ita ba ce, mushe. Ni na zubar.