Ranar da Na Ƙi Shiga Jirgin Fito

Idon mahaifiyata na hagu ya mutu tun ina makarantar firamare. Saboda haka, da yanar ido ta rufe na dama, ba mu tsaya jiran komai ba. Aka yi mata aiki a Birnin Kebbi cikin watan Agusta, a wata damina mai yawan ruwa. Washegari da aka cire bandeji, abu na farko da ta faɗa shi ne na yi furfura. Likitar da ta yi aikin ta ba mu maganin ɗigawa da baƙin tabarau, ta kuma ja mini kunne a kan abu biyu: kada ruwa marar tsabta ya taɓa idon har sai ya warke, kada kuma a murza shi ko da yana ƙaiƙayi.

Kwana tara Inna ta yi a gidana a Badariya. A rana ta tara aka yi mata waya daga ƙauye cewa ruwa ya zo bayan rumbunta. Da na dawo daga ofis na tarar ta ƙulle kayanta.

Na ce, “Inna, kin dai ji abin da likita ta faɗa.”

Ta ce, “Ta ce kar ruwa shi taɓa ido. Ba ta ce kar in tahi in ga gerona ba.”

Ƙauyenmu yana ƙetaren fadama, tsakanin Argungu da Augie. Da rani mota tana kaiwa har ƙofar gida. A irin wannan damina kuwa, gulbi yakan tumbatsa ya shafe gonakin shinkafa da hanyar baki ɗaya, sai dai a ajiye mota a Argungu a shiga jirgi. Mun isa bakin ruwa da hantsi. Rana tana nan, amma gabas ta fara yin duhu kaɗan.

Jirage biyu na tarar. Na farko jirgin fito ne na katako, dogo, baƙi, wanda mutanen ƙauyukanmu suke shiga kullum. An riga an ɗora masa babur ɗaya da buhunan gishiri, mata kuma suna zaune a ƙasa a kan tabarma, ruwa yana ɗan taruwa a gindinsa ana kwarfewa da ƙoƙo. Mai jirgin taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, sa'ana, wanda muka yi ƙuruciya tare kafin a kai ni makarantar kwana. Na biyun kuwa fari ne tas, na wani masaukin baƙi, da rumfa da kujeru da inji, da rigunan ruwa masu launin lemo a rataye. Aikinsa zagayawa da masu yawon buɗe ido su ga gulbi su ɗauki hoto. Ranar ba shi da kowa. Direbansa, wani magidanci mai ladabi, ya ce zai kai mu duk inda muke so, kuma yanzu.

Taubashina ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya juyo kaina da sunan da yake tsokanata da shi.

“Bature, an iso? Tuɓe takalmi ka shiga. Na aje ma Gwaggo wuri tsakiya, inda ba girgiza.”

Na tambaye shi yaushe zai tashi. Ya ce sai wasu mutum huɗu da suka shiga kasuwa sun dawo. Na dubi gabas. Na dubi gefen jirginsa, wanda bai fi tafin hannu biyu tsakaninsa da ruwa ba. Duk damina ina jin labarin kifewar jiragen fito a rediyo, kuma jirginsa ba shi da rumfa ko rigar ruwa ɗaya. Waɗannan su ne dalilan da na faɗa wa kaina, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne. Amma akwai wani dalilin da ban faɗa ba. Ina sanye da farar shadda, ban kuma so in zauna a ƙasa tsakanin buhuna yana yi mini ba'a a gaban mata har mu ƙetare ba.

Na ce masa za mu shiga farin.

Dariyarsa ta ɗauke. Ya jawo ni gefe, ya rage murya. “Wanga mutum gulbi ya sani, bai san hwadama ba. Mu ba ruwa muke bi ba. Turbar amalanke muke bi, wadda kaka sani da rani. Ita ɗai ta ba ta da ciyawa, ita ɗai ta ke da zurhi. Ka kauce mata taku biyar, kana bisa shinkahwar mutane.”

Na ce direban ya tabbatar mini ya taɓa zuwa.

“Ya taɓa zuwa da mi? Da mashin?”

Na bar shi tsaye. Da na kama hannun Inna zan shigar da ita, ta tsaya ta dubi jirgin ta cikin tabarau, ta ce, “Wanga na masu ɗaukar hoto na.” Na ɗaura mata rigar ruwa a kan mayafinta, ta bar ni na ɗaura.

A cikin gulbi komai ya tafi daidai, sai dai gudu. Jirgin yana tsaga ruwa, feshi yana shigowa ta gefe. Na roƙi direban ya sassauta, na koma ɓangaren da iska take bugowa na kare ta da jikina. Bayan kamar minti goma muka bar gulbi muka shiga fadama. Ruwa ne shimfiɗe iyakar gani, ja kamar kunun kanwa, kawunan shinkafa da na ciyawar burgu suna leƙowa nan da can. Daga nesa ana hango giginyun ƙauyenmu. Direban ya saita kan jirgi gare su kai tsaye. Ni ma a lokacin abin da na ga ya dace ke nan.

Ba mu yi nisa ba inji ya yi tari ya mutu. Direban ya ɗaga shi, ya warware ciyawar da ta nannaɗe farfela, ya tayar. Muka ɗan matsa, ya sake mutuwa. A karo na uku ba injin kaɗai ba ne: ƙasan jirgin ya hau wani abu ya zauna. Kunyar gona ce, irin wadda ake ɗagawa don tare ruwa. Na tambaye shi ko yana da gora ta tuƙi. Ya ce babu, sai wani ɗan gajeren filafili na tuƙa kwalekwale. Ya sauka cikin ruwa ya tura, ni ma na karɓi filafilin na dogara, jirgin ya juya gefe ya ƙara zama.

Sai iska ta taso. Rumfar da na zaɓi jirgin dominta ta zama abin tsoro, domin iska tana shiga ƙarƙashinta tana karkata mu. Gabas ta yi baƙi har ƙasa. Na kira taubashina a waya sau uku, bai ɗauka ba. Daga baya na tuna cewa mai riƙe da gora ba ya sakinta don waya.

Ina cikin haka na waiwaya na ga Inna ta cire tabarau.

“Inna, mayar don Allah.”

Ba ta kula ni ba. Ta ƙanƙance idon tana duban itatuwa. Ta nuna wata giyayya da ruwa ya ci rabinta. “Ga giyayyar mararraba can. Turba ta bi ta hagunta, ta yi kwana wajen tsamiya. Nan inda kuke gonar mutane ta. Kun tattake musu shinkahwa.” Ta juya ga direban. “Malam, kai ɗan ina na?”

Ya faɗa mata. Ta gyaɗa kai kamar wadda ta sami amsar wani abu, ta mayar da tabarau.

Ɗigon farko ya faɗo a kan rumfa, manya-manya. Kafin minti biyu ruwan ya zo a kwance, iska tana koro shi ta gefe kamar babu rumfar. Na cire babbar rigata na lulluɓe mata kai, na ɗora wata rigar ruwa a sama, na riƙe da hannu biyu. Ina jin numfashinta a ƙarƙashin tufa. Abin da nake ta nanatawa a zuciyata shi ne ruwan sama mai tsabta ne, ba shi likita take nufi ba. Ban san ko gaskiya ne ba.

Ba zan iya cewa ga tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ruwan ya fara sassautawa lokacin da muka hango jirgin fito. Bai nufo mu ba. Ya yi hagu, ya zagaya giyayya, ya yi wata kwana da ba ta da wani dalili ga mai kallo, yana tafiya a hankali kamar amalanken shanu. Matan cikinsa sun lulluɓa da leda. Taubashina yana tsaye a baya da malafa a ka. Da ya zo daidai da mu ya kafa gora ya tsaya, tsakaninmu kamar taku talatin.

Ya ɗaga murya. “Ba ni iya matsowa, da kaya nike. Sai an ɗauko ta.”

Ya ba wani fasinja gorar, ya sauko cikin ruwa, ya taho yana laluben ƙasa da ƙafa. Ruwan ya kai masa ƙugu. Da ya iso bai dube ni ba. Ya cire malafarsa ya ɗora wa Inna, ya ɗaure mata igiyar a haɓa, ya juya baya ya rusuna.

“Hau, Gwaggo.”

A nan na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ci mini rai. Na ce ni zan ɗauke ta. Uwata ce, ni na kawo ta nan, kuma mutanen ƙauyenmu suna kallo daga cikin jirgi.

Ya ce, “Bature, rabonka da taka laka tun yaushe?”

Na ce masa ya matsa.

Ya dubi Inna. Ita kuwa ba za ta zaɓi ɗan ƙanenta a kan ɗanta a gaban jama'a ba, ko da ta so. Ta miƙo mini hannu. Na tuɓe takalmi na sauka, ta hau bayana. Ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ba ni tsoro. Taubashina ya shiga gaba. “Inda na taka nan zaka taka. Ja ƙahwa, kar ka ɗaga.”

Na bi shi. Laka tana riƙe ƙafa, karan shinkafa yana yankar ƙauri. Na ja ƙafa taku goma, goma sha biyar, ashirin. Da muka kusa, ƙasa ta gangara zuwa cikin turbar, inda ƙafafun amalanke suka cinye shekara da shekaru. Ya faɗa mini, na kuma ji. Amma na ga gefen jirgin kusa, na ɗaga ƙafa na yi taku mai faɗi, ban sami ƙasa a inda na zata ba. Na durƙushe da gwiwa ɗaya. Ruwa ya zo mini wuya. Ban sake ta ba, shi kuma ya cafke ta kafin ta nutse, amma jan ruwan nan ya fantsama ya shiga ƙarƙashin malafa. Da aka zaunar da ita a tsakiyar jirgi, tabarau yana rataye a kunne ɗaya, laka tana gangarowa daga goshinta. Kafin in buɗe baki ta kai gefen mayafi ta murza idon.

Wata mata ta miƙo ruwan leda, na wanke hannuna, na goge mata gefen idon, na ɗiga mata magani. Taubashina ya ce wa direban ya jira, zai dawo da igiya da mutane. Ya karɓi gorarsa. Har muka isa bai yi mini ba'a ko sau ɗaya ba, na kuwa so ya yi.

Geron bai jiƙe ba. Maƙwabta sun riga sun kwashe shi zuwa tudu tun kafin mu baro Birnin Kebbi.

Da safe idon ya yi ja, fatar ta kumbura, ta ce tana jin kamar an zuba mata yashi. Taubashina ya fito da jirgi babu fasinja ko ɗaya, ya mayar da mu Argungu ta turba, kafin azahar muna gaban likita. Ta duba ta daɗe. Ta tambayi abin da ya faru, Inna ta riga ni amsawa: ruwan sama ne ya same mu a hanya. Na ce ba haka ba ne, na faɗi yadda aka yi, har da durƙushewar. Likitar ta rubuta a fayil. Aka kwantar da Inna kwana biyar, ana yi mata allura da ɗigawa.

Idon bai mutu ba. Amma bai koma yadda yake a kwanaki taran farko ba. Tana gane mutum idan ya matso kusa, tana zuwa bayan gida da kanta, tana bambance rana da inuwa. Abin da ya wuce tsawon tsakar gida kuwa hazo ne. A zuwanmu na ƙarshe na tsaya bayan an fita da ita, na tambayi likitar ko ruwan fadama ne ya jawo. Ta ce yana iya zama shi, yana kuma iya zama cewa idon dama ya tsufa, jijiyarsa ta raunana tun kafin aiki. Na sake tambaya ta wata fuskar, ko da a ce ruwan bai shiga ba, da yanzu tana gani sosai. Ta rufe fayil ɗin, ta ce, “Alhaji, ba ni da hanyar da zan san wannan.” Na yi mata godiya na fito. Inna tana zaune a benci a baranda, ta juyo da fuskarta wajen takuna, ba ta tabbatar ni ne ba sai da na yi magana.