Teburin 'Yan Gida

Filomena Scarpati ta shiga aiki a kicin ɗin gidan cin abincin Don Gaetano tana budurwa, ba ta bar shi ba sai da kanta ya yi fari fat. A kudancin birnin Philadelphia na Amurka duk mai son daɗin bakinsa ya ci taliyar hannunta. Ita ke kwaɓa fulawa da ƙwai, ta murza, ta yanka, ta cusa cuku ta manne bakin da yatsa. Alƙalai sun ci, 'yan dambe sun ci har sun suɗe faranti, amma ko ɗayansu bai san fuskarta ba.

Zauren cin abincin kuwa ta ɗan gilashin ƙofar kicin take leƙensa. Fararen ƙyallaye a kan tebura, kyandirori, masu kai abinci cikin baƙar kwat suna ja wa mata kujera. Ta taɓa ce wa mijinta Aniello ya kai ta. Ya kwashe da dariya ya ce, "Ki zauna a kawo miki abin da kika dafa da hannunki? So kike unguwa ta samu abin faɗi?" Haka ya mutu bai kai ta ba.

Da ciwon yatsu ya raba ta da aiki, sai kwaɗayin ya taso mata sabo. Ba ta neman komai illa ta zauna a zauren nan sau ɗaya, a durƙusa a tambaye ta abin da za ta ci. Ranar idin Waliyyi Yusufu na 'yan Katolika ta je aka gyara mata gashi, ta sa shuɗiyar rigar da ta adana tun bikin 'yarta, ta shiga ta ƙofar gaba.

Nunzio, jikan Don Gaetano da ke riƙe da gidan yanzu, ya hango ta ya taho da gudu.

"Gwaggo Mena! Kai, wannan ado haka? Wa za ki kashe yau?"

"Rufe min baki, marar kunya. Abinci na zo ci. Ga can teburi kusa da taga, ba kowa."

"Can? Ke? Allah ya kiyaye! Kakana ma sai ya tashi daga kabari ya mare ni."

Gidan yana da al'ada tun kafuwarsa. Zaure na baƙi ne, wanda aka ɗauka jini ɗaya a kicin yake ci, a wani tsohon teburin katako da ke gefen murhu. Attajirai sun sha roƙon a zaunar da su can an hana su. A wurin Nunzio babu girman da ya wuce wannan, shi ya sa ya kama hannunta ya ratsa zauren da ita yana ta murmushi.

"Nunzio, ɗan nan, ni dai da ka bar ni a..."

"Haba Gwaggo, kina jin nauyinmu ne? Ke fa ta gida ce."

Masu dafuwa suka buga cokula a tukwane suna ihu. Ba wanda ya tambaye ta abin da take so, ai kowa ya sani. Aka dire mata faranti, wani ya ɗaura mata ƙyallen aiki a kan rigar don kada miyar tumatir ta ɓata. Zafin murhu ya kwantar da gashin da aka gyara mata tun kafin ta kai loma ta biyu.

Ta ci, ta ce ya yi daɗi, da gaske kuma ya yi. Amma ranta a ɓace yake. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ta rasa wanda za ta yi fushi da shi, don kaf ɗinsu ƙaunarta suke yi, wauta ce kawai ta masu ƙauna.

Da ta tashi tafiya Nunzio ya sumbace ta a kumatu biyu, idonsa cike da ƙwalla.

"Ki zo duk ranar da kika ga dama, Gwaggo. Na rantse da kabarin uwata, muddin ina numfashi ba za ki taɓa zama cikin baƙi a gidan nan ba."

Ta dube shi, ta shafa masa kai. Ita ta yi renonsa, ta san yaron ba ya rantsuwa a banza.